Legoland ko Yas a watan Agusta: ki bi inda yake da rufi

Maman 'yan biyu, sannu da ƙoƙari, Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Tunda a dogon hutu za ku tafi, ga 'yan biyu masu shekara huɗu, ga yayarsu, ga Hajiya surukarki da ƙannen maigida biyu, ba zan ja ki da nisa ba. Kin tambayi wurin wasan yara da ya fi tsakanin Legoland na Dubai da tsibirin Yas na Abu Dhabi, to ki ɗauki Yas. Duka biyun na taka su da ƙafata da yara a hannu, kuma ɗaya ne a cikinsu har yau nake jin zafin kuɗin da na kashe.

Mu da muka tashi a Kano muna ganin babu zafin da zai ba mu tsoro, tunda mun saba da na bazara. To na can daban ne. A Yuli da Agusta rana tana haura digiri 40, sannan ga tururin teku a kai. Kina fitowa daga mota tabarau zai yi hazo, mayafi ya manne a wuya, numfashi ya yi nauyi kamar an rufe ki a madafi ana turara shinkafa. Dogon hutun makarantunmu kuwa daidai wannan lokacin yake faɗawa. Babba mai lafiya zai daure. Yaro ɗan shekara huɗu da tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za su daure ba, kuma su ne za su yanke wa kowa tsawon yinin, domin da zarar ɗayansu ya gaza dole kowa ya tattara a koma masauki.

A Yas, manyan wuraren wasa uku duk a rufe suke ruf da sanyin kwandishan: Warner Bros. World da aka buɗe a 2018, da SeaWorld da aka buɗe a Mayun 2023, da Ferrari World wanda ya girme su, tun 2010 yake. Mu tara muka je, har da mahaifiyata da ƙanwata da yaranta. Ranar farko Warner Bros. muka shiga tun da hantsi. Wurin an kasa shi gida shida, kowane ɓangare da irin garinsa, rufin kuma an yi masa zane kamar sararin samaniya, har sai ki manta a cikin gini kike. Da muka ratsa ɓangaren Gotham, inda aka mayar da shi kamar dare da fitilun titi, Hajiyarmu ta riƙo hannuna ta ce, "Ke, ba dai Magariba ta wuce mu ba?" Na nuna mata agogo, ko Azahar ba a kira ba. Ta daɗe tana kallon sama tana jinjina kai. Da lokaci ya yi kuwa ga ɗakin sallah na mata da wurin alwala a cikin ginin, ba mu fita ko'ina ba.

'Yan biyunki a Cartoon Junction za su tare. Nan ne ɓangaren ƙanana, da lilo marasa gudu da wurin hawa da sulluɓe, da su Tom da Jerry da suka saba gani a talabijin suna yawo ana ɗaukar hoto da su. Autata lokacin tana da shekara huɗu da 'yan watanni. Da ta hango su sai ta ƙanƙame zanina ta ɓoye fuska, can kuma ta leƙo, ta matsa a hankali ta taɓa hannun ɗaya da ɗan yatsa, ta rugo da gudu tana cewa, "Mama, mai laushi ne!" Daga nan ba ta sake neman a ɗauke ta ba har La'asar. Mun yi kusan awa bakwai a ciki, babu wanda ya yi kukan rana.

Amma idan kika tambaye ni inda kuɗina ya fi yin albarka, SeaWorld ne, kuma saboda Hajiyarmu. Mutane suna mantawa cewa tsoho ma hutu ya zo. A yawancin wuraren wasa aikin kaka shi ne gadin jakunkuna da takalma a kan benci, kowa ya hau abinsa ya dawo ya same ta. A nan ita ce ta fi kowa kallo. Ginin hawa-hawa ne, an raba shi sassa takwas, daga na tekun Larabawa har na ƙanƙara inda tsuntsayen penguin suke, wanda sai da muka yafa wa yara riga saboda sanyi. Mun karɓi keken turawa a bakin ƙofa saboda gwiwarta, da farko ta ƙi, wai ita ba majinyaciya ba ce, sai da jikanta ya ce shi ne direba sannan ta yarda. Da muka isa gaban babban gilashin nan mai tsayin bene da benaye, kifaye masu faɗi kamar tabarma suna shawagi a samanmu, ga kifin shak yana wucewa a natse, sai ta ce a tsaya. Ta ciro carbinta. Mun fi minti ashirin a wurin, tana Subhanallah a hankali, jikoki sun zauna a ƙasa sun jingina da ƙafafunta, hasken ruwa shuɗi yana wasa a fuskokinsu. Matar da ta yi shekara saba'in ba ta taɓa ganin cikin teku ba. Har gobe idan an zo gaishe ta sai ta ba da labarin kifin nan mai kamar tabarma. Ki ba wa surukarki wannan ranar, za ki sha addu'a.

Ƙannen maigida kuwa ki sallame su su tafi Ferrari World. Can ne jirgin lilon nan Formula Rossa yake, mai kai gudun kilomita 240 a awa cikin kimanin daƙiƙa biyar, har sai an ba mutum tabarau ya sa saboda iska. Nasu ne wannan. Kada ki saya wa 'yan biyu da Hajiya tikitinsa, manyan abubuwan da ake zuwa dominsu duk sun fi ƙarfinsu. Ginin a haɗe yake da Yas Mall, sai ku zauna can ku ci abinci ku yi 'yar sayayya, samarin su gama ihunsu su same ku. Akwai bas na kyauta da ke zagaya tsibirin tsakanin otal-otal da wuraren wasan, saboda haka rabuwa gida biyu ba ta da wahala. Wannan yana cikin abin da ya sa na fi son Yas ga tafiyar dangi: kowa yana da nasa, kuma babu wanda ya yi nisa da wani.

Legoland fa? Ba zan ce ba shi da kyau ba. Don yara 'yan shekara 2 zuwa 12 aka gina shi, a Jebel Ali kan hanyar Abu Dhabi, an buɗe shi a 2016, kuma makarantar tuƙin nan da ake ba yaro ƙaramar mota da lasisinsa tana burge su. Sai dai yawancin abin hawansa a fili yake. Ni na kai kaina a Agustan 2019, kafin ƙarfe ɗaya mun ƙare a ɓangaren Miniland mai kwandishan muna kallon Burj Khalifa na bulon roba, ɗana kwance a kafaɗata ya jiƙe sharkaf. Kuɗin yini guda, amfanin awa uku. Idan hutun Disamba ne sai mu sake magana.

Abu ɗaya da za ki yi tun a gida, yau ɗin nan ma: ki jingina kowane yaro da bango da takalminsa a ƙafa, ki ɗauko tef ɗin tela ki auna shi da santimita, ki rubuta. A wuraren nan ba shekaru ake tambaya ba, tsayi ake aunawa. A bakin kowane abin hawa akwai ma'auni, kuma ma'aikacin ba zai ɗaga ƙafa ba ko da rabin yatsa ne ya rage, domin ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera an yi shi ne daidai wani tsayi. Shafin kowane wuri ya jera tsayin da ake buƙata. Ki duba, ki san abin da 'yan biyu za su hau da wanda yayarsu kaɗai za ta hau, ki faɗa musu tun kafin a shiga. Babu abin da ke ɓata wa yaro rai kamar ya bi layi na rabin awa a mayar da shi a bakin ƙofa, yana kallon 'yar'uwarsa ta wuce.

Masauki ki nema a tsibirin ko kusa da shi, kuma da hali ki kama mai ɗan madafi. Abincin cikin wuraren halal ne amma da tsada, ki lissafa baki takwas sau biyu a yini, ki tuna dala ɗaya dirhami 3.67 ce. Mu mun tafi da garin kunu da yaji da busasshiyar kuɓewa, Hajiyarmu ba ta kwana uku babu tuwo. Idan jirginku zai iya sauka a Abu Dhabi ya fi, filin jirgin bai wuce tafiyar kwata ɗin awa zuwa Yas ba, daga Dubai kuwa sai kun yi awa guda ko fiye a mota. Ku shiga ranakun aiki, tunda tun 2022 hutun ƙarshen makonsu ya koma Asabar da Lahadi. Kada kuma ki jera wurare biyu a rana ɗaya. Yini ɗaya wasa, yini ɗaya hutu, a ranar hutun ku kai Hajiya babban masallacin Sheikh Zayed da yamma idan rana ta yi sanyi.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa, domin ya taɓa gidanmu. Ki yi hankali da masu tallan tikiti rabin kuɗi a WhatsApp da Instagram. Ƙanwata ta tura wa wani kuɗin mutum huɗu saboda wata ƙawarta ta ce ta san shi. Ya turo mata hoton tikiti mai lambar da ake haskawa a ƙofa, komai tsaf. Da muka isa aka haska, na'ura ta nuna an riga an shiga da shi tun safe. Hoto ɗaya ya sayar wa mutane da yawa, wanda ya riga isa shi ya ci. Ta kira, waya a kashe. Tana tsaye da yara uku sun sha kwalliya, idonta ya ciko, sai da muka haɗa kuɗi a take muka sake saya a cikakken farashi. Wasu kuma tikitin rangwamen mazauna ƙasar suke sayar wa baƙi, wanda ake iya neman katin zama kafin a bar mutum ya shiga. Ki saya a shafin wurin da kansa ko ta otal ɗinku. Rangwamen gaskiya yana nan a tikitin haɗaka na wurare biyu ko uku, shi ya fi sauƙi a kan sayen ɗaiɗai. Duk wanda kuma ya ce miki zai haɗa da Disney na Abu Dhabi a cikin tsarin tafiya, ki rufe wayarki. A Mayun 2025 aka sanar za a gina shi a Yas, sanarwa ce kawai, ba wurin da za ki kai yara wannan hutun ba ne.

Haka batun biza. Tun da aka dawo da ba 'yan Najeriya a Yulin 2024 bayan kusan shekara biyu a rufe, dillalai sun yi yawa, na kirki da na banza. Kada ki biya tikitin wasa ko ɗaya sai bizar kowa ta fito, kin kuma shigar da lambarta a shafin hukumar shige da ficen ƙasar kin ga sunan da idonki. Ki fara da ta samarin nan biyu, kada a bar tasu zuwa ƙarshe. Maganin Hajiya kuma, musamman na ciwo irin su tramadol da masu codeine, dokarsu a kansa mai tsanani ce. Ki bar kowanne a kwalinsa, ki karɓi takardar likita da Turanci, ki binciki izinin da ake nema tun kafin ranar tafiya.

Ki sayi tikitin wurare biyu ga ke da maigida da yara da Hajiya, Warner Bros. da SeaWorld, ki ƙara wa samarin Ferrari. SeaWorld ki sa shi a rana ta biyu bayan Hajiya ta warware gajiyar jirgi, ku isa ana buɗe ƙofa, ki karɓi keken tun kafin ta ce ba ta so. Ki saka wa 'yan biyu rigar sanyi a jaka, ki rubuta lambar wayarki a takarda ki maƙala a aljihun kowannensu. A gaida Hajiya da kyau.