Sun rage min shekaru a takarda, furfura kuwa tana nan

Akwai kamfanoni a intanet da sana'arsu ke nan: ka tura musu takardar tarihin aikinka, su gyara ta yadda za ta shiga idon masu ɗaukar ma'aikata. Na gwada wani da ke tallar cewa ya ƙware a kan masu rubuta manhaja da suka haura hamsin. Ni ma na haura. A yarukan rubuta manhaja, da C da Perl na fara, na bi ta Java, yanzu Python ce abin cin abincina.

Wajen tsari, ba ni da ta cewa. Matar da aka haɗa ni da ita ta kira ni ta bidiyo, ta yi ta tono har ta zaƙulo ainihin abin da na gina a kowane wuri, ta bar jerin sunayen muƙamai da na cika takardar da su. Ta dunƙule komai a shafi biyu, ta sa kayan aikin da na iya, irin su AWS da PostgreSQL da Kubernetes, a sama, inda manhajar tace takardu za ta fara cin karo da su. Kada kowa ya raina wannan manhaja. A 2023 kamfanin iTutorGroup ya amince ya biya dala 365,000 bayan hukumar EEOC, mai yaƙi da nuna bambanci a wajen aiki a Amurka, ta maka shi a kotu, saboda an saita manhajarsa ta riƙa watsar da mata masu shekara 55 zuwa sama da maza masu 60 zuwa sama. Aikin koyarwa ne, amma wa ya ce abin ya tsaya a can?

Inda muka saɓa shi ne abin da ta share daga takardar. Ta cire shekarar da na gama jami'a, ta ce in bar tsohon adireshina na imel na Hotmail, sannan ta share duk aikin da na yi kafin 2010. Biyun farko na bar mata. Na ukun ya tsaya min a rai, domin a shekarun nan ne na yi aikin gyaran matsalar shekarar 2000, wato fargabar da aka yi cewa kwanan wata zai rikita kwamfutoci da shigowar shekarar, kuma a nan na koyi ƙaurar da rumbun bayanai ba tare da an kashe sabis ba. Hajar da nake sayarwa ke nan, aka ce in ɓoye ta.

Ba na ganin laifinta sosai. Tun 1967 dokar Amurka ta hana nuna wa ɗan shekara 40 zuwa sama bambanci a aiki, duk da haka a 2007 Mark Zuckerberg na Facebook ya fito fili ya ce matasa sun fi kaifin basira. A 2019 Google ya biya dala miliyan 11 don sasantawa da masu neman aiki sama da 200 da suka ce shekaru ne suka hana a ɗauke su, ko da yake bai amsa laifi ba. Kasuwar da take aiki a ciki ke nan.

Kiran ganawar neman aiki ya ƙaru, wannan gaskiya ne. Sai dai da an kunna kyamara, takarda ta gama nata. "Za ka iya aiki a ƙarƙashin wanda ka girme wa?" "Muna ganin ka fi ƙarfin wannan muƙami." Atisayen ganawar da suka yi min bai taɓo ko ɗaya ba, tambayoyi ne irin waɗanda ake yi wa ɗan ashirin da biyar. Ba su kuma nuna min inda ake neman irinmu ba, alhali bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati cike suke da tsofaffin manhajoji. A 2020 sai da gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya yi shelar neman waɗanda suka iya COBOL, wani tsohon yaren rubuta manhaja.

Wanda takardarsa ta yi tsawo ta hargitse zai amfana da irin waɗannan kamfanoni. Amma kafin ka biya, ka tambaye su kai tsaye ko za su zauna da kai a kan waɗancan tambayoyi biyu, ka kuma nemi a rubuta maka amsar.