Citta ko Tafarnuwa: Wanne Ya Fi Amfani ga Lafiya?

Ana yawan tambayata wannan, alhali aikinsu ya bambanta. Citta gwanar kwantar da tashin zuciya ce, musamman na masu juna biyu, kuma ko busasshiya ce tana aiki. Tafarnuwa kuwa sai an daka ta sinadarinta na alisin yake fitowa, wuta mai yawa kuma tana kashe shi, shi ya sa ake barin ta ta ɗan huta bayan an daka, don sinadarin ya gama fitowa, kafin a jefa a tukunya. Tana ɗan sauke hawan jini, amma warinta sai mai haƙuri. Citta idan ta yi yawa takan tayar da ƙwannafi. Masu shan maganin tsinka jini su tuntuɓi likita kan dukansu.

Mai yawan tashin zuciya ya riƙe citta. Mai lura da hawan jini ya ƙara tafarnuwa a girki, ba tare da ajiye maganinsa ba.