Canva a hannun mai zanen talla: inda take rage wahala da inda take kashe ido

Duk wanda ke duba katunan ɗaurin aure da na walima da ake turawa a WhatsApp ya san kamannin nan: bango baƙi ko shuɗi mai duhu, furen zinare a kusurwa, sunan ango da amarya da rubutu mai lanƙwasa. Kati goma, fuska ɗaya. Da yawansu daga Canva suka fito, manhajar da Melanie Perkins da abokan aikinta suka ƙaddamar a Ostareliya a 2013. Tana aiki a waya da kwamfuta, akwai ta kyauta, akwai kuma Canva Pro ta biyan kuɗi.

A ba ta haƙƙinta tukuna. Wajen aikin da zai tsaya a fuskar waya, kamar tallan shago a Instagram ko sanarwar wa'azi, da wuya a samu mai saurinta. Layukan daidaito suna fitowa da kansu idan kana jan abu, kuma idan kwastoma ya ce a sauya kwanan wata, minti biyu ya isa. Sai dai aikin kan intanet ne, tana cin data, kuma ranar da sabis ya yi rauni hotuna sukan daɗe ba su buɗe ba.

Matsalar tana cikin samfuran da aka riga aka tsara. An yi su da kyau, shi ya sa suke da haɗari. Mai zane ya buɗe, ya ga wanda ya burge shi, ya cire Turanci ya sa Hausa, shi ke nan. Bayan wata shida hannunsa ya yi sauri amma idonsa ya daina neman komai, don duk shawarar da ta kamata ya yanke, ta girman rubutu da wurin hoto da launi, wani ya riga ya yanke masa. Kamar tela ne da ya koma sayar da kayan kanti yana sauya musu maɓalli.

Maganin ba barin manhajar ba ne, sauya mafari ne. Kafin ka taɓa waya, ɗauki biro ka zana ƙananan tsari uku a takarda, kowanne da wurin da ido zai fara sauka daban. Sannan ka buɗe farin shafi da awon da kake so. Salon rubutu biyu sun isa, ɗaya na kanu ɗaya na bayani, launi kuma kada ya wuce uku. A nan Canva tana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: idan ka ɗora hoto, tana tsamo launukansa ta jera maka su a akwatin launi. To ɗauki hoton zanen da aka rina a Ƙofar Mata, ko aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko adon bangon fadar Zazzau, ka ciro launukanka daga can. Shuɗin baba da jan ƙasa da fari za su ba ka katin da babu irinsa a jerin samfuran. Dagin Arewa kam an yi masa yawa, a ɗan bar shi ya huta.

Sai batun da ya fi damun mai rubuta Hausa, wato haruffa masu ƙugiya. Yawancin salon rubutun ado da ke ciki ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Manhajar ba za ta gargaɗe ka ba, sai dai ta aro harafin daga wani salon ta cusa, ka ga ƙ ɗin “ƙarfe goma” ya fi sauran siranta ko ya ɗan karkace. A waya ba ya fitowa sosai, a kan bana kuwa, wato babban ƙyallen talla, kowa zai gani. Gwajin mai sauƙi ne: kafin ka zaɓi salo, rubuta “ɓaure, ɗaki, ƙofa” da manya da ƙananan baƙaƙe, ka ƙara girmansu ka duba. Noto Sans da Noto Serif suna da su cikakku. Andika da Charis na ƙungiyar SIL ma suna da su kuma kyauta ne, amma ɗora salon rubutu daga waje sai mai Pro. Cire ƙugiyar ba mafita ba ce, don “ƙafa” da “kafa” ba abu ɗaya ba ne.

A madaba'a ne ake gane wanda ya iya. Fuskar waya tana haɗa launi da haske, ja da kore da shuɗi, injin buga takarda kuwa da tawada huɗu yake aiki, wato CMYK. Shi ya sa kore mai ƙyalli yake fitowa a dushe, shuɗi mai haske kuma ya karkata zuwa ruwan makuba. Sauke aiki da tsarin CMYK yana cikin Pro. Ko da wanne kake amfani, zaɓi PDF Print, ka kunna alamar yanka da rarar gefe. Rarar kusan milimita 3 ce a kowane ɓangare, kuma dole bangon zanen ya cika ta, in ba haka ba wuƙar yanka ta ɗan kauce sai farin layi ya bayyana a bakin kati. Rubutu kuma ya nisanci baki da aƙalla milimita 5. Hoton da zai cika takardar A5 yana buƙatar fiksel kusan 1748 da 2480, wato ɗigo 300 a kowane inci. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, don haka ka ce wa kwastoma ya turo shi a matsayin fayil.

Babbar bana tana da nata sha'ani, don Canva tana da iyakar girman shafi. Idan ƙafa 6 da ƙafa 3 ake so, yi zanen a inci 36 da 18, ka ba da PDF a ninka a wurin bugawa. Rubutu da siffofi ba sa fashewa, hoto ne kawai zai nuna rauninsa. Ka kuma sani cewa madaba'u da yawa da manhajar zane ta CorelDRAW suke aiki, Canva kuwa ba ta fitar da fayil ɗinsa. Idan za a buɗe PDF ɗinka a can, ka roƙi a shigar da rubutun a matsayin zane, kada kwamfutarsu ta musanya maka salo ƙugiyoyin su ɓace. Aiki mai yawa kuma a buga guda ɗaya ka gani kafin a saki inji.

Tambarin kamfani shi ne aikin da bai dace a yi a nan ba. Ƙa'idar Canva ba ta yarda a yi rajistar alamar kasuwanci da hotuna ko samfuran ɗakin ajiyarta ba, domin kowa na iya ɗaukar irinsu. Wanda ya biya ka kuɗin tambari yana iya ganin tagwayensa a jikin wani shagon gobe. Wannan aikin na CorelDRAW ne, ko Illustrator, ko Affinity da Canva ɗin kanta ta saya a 2024, ko Inkscape ta kyauta. Kuɗin Pro yana fita ga mai kai aiki madaba'a duk mako, saboda CMYK da ɗora salon rubutu da cire bayan hoto. Mai yin sanarwar makaranta ko ta masallaci jefi-jefi, ta kyauta ta ishe shi.