Manhajar iNaturalist a hannun ɗalibai masu koyon malanta

Zango biyu ke nan ina amfani da manhajar iNaturalist tare da ɗalibaina masu koyon aikin malanta a fannin ilimin halittu, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani, domin abokan aiki da dama sun tambaye ni ko ta cancanci kuɗin data da ake kashewa a kanta. Manhajar kyauta ce. Ta samo asali ne a shekarar 2008 a matsayin aikin kammala digiri na biyu na wasu ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili (Berkeley) a Amurka, kuma tun 2023 ƙungiya ce mai zaman kanta wadda ba ta neman riba. Mutum yana ɗaukar hoton tsiro ko tsuntsu ko ƙwaro, wayar ta haɗa masa rana da wuri, sai manhajar ta kawo hasashen sunan halittar, daga nan sauran masu amfani da ita su tabbatar ko su gyara.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne ya fi burge ni. Ba a ɗaukar hoto a matsayin wanda ya kai darajar bincike sai aƙalla mutum biyu sun sa baki, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa sun yarda da suna ɗaya, sannan ne bayanin zai iya shiga GBIF, wato babban rumbun bayanan halittu na intanet, inda masana na duniya ke ɗibarsa. Ɗalibin da ya saba haddace sunayen tsirrai daga allo sai ya tarar cewa faɗar suna ba ta wadatar ba, dole ya kawo hujja. Mun ga haka a kan magarya da kurna, waɗanda kowane yaron karkara ke bambancewa ko daga nesa, amma da ɗalibai suka ɗora hoton bishiyar daga nesa, tantancewar ta tsaya a kan Ziziphus, wato dangin da ya haɗa su biyun. Sai da suka koma suka ɗauki bayan ganye da ƙaya da 'ya'ya, suka nuna cewa ƙarƙashin ganyen magarya yana da laushin gashi fari-fari wanda na kurna ba shi da shi. A ganina, wannan komawa ta biyu ta koya musu fiye da abin da lacca guda za ta koyar, kuma ita ce ɗabi'ar da nake fatan su kai wa yaran da za su koyar.

Gawo ma ya ba mu darasi mai daɗi, tun da yake yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa. Hotunan bishiya ɗaya da aka jera wata bayan wata sun nuna hakan ba tare da dogon bayani ba.

Sai dai akwai inda manhajar ta gaza mu. Hasashenta ya dogara ne da yawan hotunan da aka riga aka tara, kuma yankinmu bai tara da yawa ba, saboda haka tana saurin gane tumfafiya da balbela, amma tana tuntuɓe a kan ciyayi da ƙananan ƙwari, wani lokaci har ta kawo sunan halittar wata nahiya. Masu tantancewa da suka san tsirran Sahel kaɗan ne, don haka hoto kan yi makonni babu wanda ya leƙa shi, abin da ke sanyaya gwiwar ɗalibi. Sunayen Hausa kuma ba su cika bayyana ba, ko da yake ana iya ƙara su, aikin da ya dace da sassan Hausa da na ilimin halittu su yi tare.

Wani kuskure namu ne, ba na manhajar ba. Ɗalibai sun cika ta da hotunan darbejiya da mangwaron harabar makaranta ba tare da sun nuna cewa dasa su aka yi ba, alhali ƙa'ida ita ce a yi wa shukakke alama domin kada a ɗauka na daji ne. Shi ya sa nake ba malami shawarar ya yi makonni yana amfani da ita shi kaɗai kafin ya kai ta aji, kuma kada ya ɗora maki a kan yawan hotuna.

Ga masu zuwa koyarwa a firamare, iNaturalist ba ta buɗe wa yaron da bai kai shekara 13 ba asusu sai da izinin iyaye. Ƙanwarta mai suna Seek ta fi dacewa da su, domin ba ta buƙatar rajista. A kan data kuwa, muna kashe ɗorawa ta kai tsaye, mu tara hotuna a fili, mu tura su da yamma a inda sabis ya fi ƙarfi.