Kafin ka yanki kati: wane asibitin unguwa za ka damƙa wa iyalinka?

Yawancinmu ba ma zaɓen asibiti sai jikin yaro ya yi zafi rau da tsakar dare, kuma a lokacin duk ƙofar da aka tarar a buɗe nan za a faɗa. Gara ka yi zagayenka tun kowa yana lafiya. A unguwannin Kano wurare uku ne ke kusa da hannu: kemis, asibitin sha-ka-tafi na gwamnati, da ƙaramin asibitin kuɗi.

Kemis ba zai ɗauke mu lokaci ba. Lasisin da Hukumar PCN, mai sa ido kan masu sayar da magani, ke ba mai shagon magani na sayar da wasu magunguna ne kawai, bai ba shi izinin yin allura ko ƙarin ruwa ba. Ka sayi farasitamol ɗinka ko gishirin ORS, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka tsaya nan.

Sha-ka-tafi yana da alherin da mutane ke rainawa. Rigakafin yara kyauta ne, ana awon ciki, ana gwajin zazzaɓin cizon sauro da ɗigon jini daga yatsa, sakamako ya fito cikin kamar minti 15. Sai dai galibi jami'in lafiya ko ungozoma za ka tarar, likita ba kullum ba, wasu wuraren kuma suna tashi da rana. Idan ka leƙa, ka tambayi inda suke ajiye allurar rigakafi. Wadda ba ta zauna cikin sanyi ba ƙarfinta ya ragu, don haka firji mai aiki da sola ya fi sabon fenti muhimmanci.

Asibitin kuɗi ne ke buƙatar dogon nazari, domin a nan nagari da na banza suke kafa allo iri ɗaya. Fara da takarda. Kowane likita a Najeriya sai ya yi rajista da Hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci, yana sabunta lasisinsa duk shekara, kuma a Kano Hukumar PHIMA ce ke yi wa asibitocin kuɗi rajista. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Likita, don Allah wa ke duba marasa lafiya idan ba ka nan?" Wani wurin sunan likita ne a allo, shi kuwa yana can wurin aikinsa na gwamnati, wanda ya bari a kujerar ba likita ba ne.

Mahaifiyata ta shafe watanni tana zuwa wani irin wannan wuri da ciwon kai. Duk zuwa magana ɗaya ce, maleriya da taifot, a ɗaura mata ruwa leda biyu, mu biya mu dawo gida muna godiya. Ba wanda ya taɓa naɗa mata abin awon jini a dantse. Ranar da muka canza wuri, likitar ta zaunar da ita ta huta, ta auna sau biyu, ta ce, "Hajiya, jininki ne ya hau, kuma da alama ba yau ya fara ba." Har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna watannin nan.

Shi ya sa nake auna asibiti da abin da ake yi kafin a ɗauki biro. An tambaye ka yaushe ciwon ya fara? An auna zafin jiki da hawan jini, an ɗora yaro a sikeli kafin a yanke masa adadin magani? Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya. Gwajin Widal kuwa shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot. Wurin da kowa ke fitowa da cuta ɗaya da allura biyar, ka yi masa nisa.

Ka kuma sa ido a ɗakin allura. A ɓare sabon sirinji a gabanka, a jefa shi cikin kwalin da aka tanada, mai allurar ya wanke hannu. Ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau suna iya shiga jiki ta sirinjin da aka sake amfani da shi.

Sai fayil. Amfanin likitan iyali shi ne ya san tarihin gidanku: wa ke da sikila, wane magani ne ke sa maiɗakinka ƙaiƙayi. Idan duk zuwa sai an buɗe sabon kati domin tsohon ya ɓata, to babu wannan amfanin.

Idan kana cikin tsarin taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA ko inshorar NHIA, duba ko asibitin yana cikin waɗanda suka amince da su, kuma ka nemi farashi da rasit tun farko. Tambayar da na fi ba nauyi ita ce: idan abu ya fi ƙarfinku, ina kuke turawa? Wanda ya ce maka Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, kuma zai haɗa ka da takarda mai bayanin abin da ya riga ya yi, shi zan yankar wa iyalina kati a wurinsa.