Garantin sabuwar mota da na CPO: wata 7 da suka salwanta a takarda

Tauraro 3 cikin 5 na ba wannan garanti, kuma da a watan Janairu na rubuta sharhin, 1 zan ba shi. Motar jif ce ta Turai ƙirar 2021, mai ƙafafun iska, wato jakunkunan iska ne ke ɗauke da nauyin jikinta. Na ɗauke ta a hannun dilan kamfanin a Amurka cikin watan Mayun 2024, tana da mil 38,000 da 'yan kai. Tana cikin motocin hannu da kamfani ya duba ya buga wa hatiminsa, waɗanda ake kira CPO. Kun san abin da ake ɗorawa a kan farashi saboda wannan hatimi, ba sai na faɗa ba.

Ranar ciniki mai sayarwa ya yi ta nanata cewa garanti biyu ne a kan motar. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi yadda suke aiki ba. Ba tare suke tafiya ba, layi suke bi. Na masana'anta, wato wanda sabuwar mota ke fitowa da shi, shekara 4 ne ko mil 50,000, duk wanda ya riga cika. Muddin yana raye, na CPO barci yake yi, ba ya biyan ko kusa ɗaya. Sai ranar da na farkon ya mutu sannan na biyun ya farka. A Mercedes-Benz da BMW ƙarin shekara 1 ne ba iyakar tafiya, a Lexus da Porsche shekara 2. Tawa shekara 1 ce. Wannan duk na sani kafin in sa hannu, don haka ban ga abin tsoro ba.

Inda aka sha ni shi ne ranar da agogon ya fara bugawa. Rahoton tarihin motar ya nuna mai ita na farko ya yi mata rajista a watan Yunin 2021. Na yi lissafi da yatsu: na masana'anta zai kai Yunin 2025, na CPO ya ɗora zuwa Yunin 2026. Ashe kamfani bai san wannan lissafin ba. Shi ranar da mota ta fara aiki yake dubawa, kuma tawa ta fara aiki tun Nuwambar 2020, lokacin da wani dila ya sa ta cikin motocin aro da ake ba masu kawo gyara. Daga ranar da dila ya shigar da mota a kwamfutar kamfani a matsayin motar aro ko ta gwaji, garanti ya fara cinyewa, ko da ba a sayar wa kowa ba. Shekarar ƙira ma ba abin dogaro ba ce, domin motocin 2021 tun ƙarshen 2020 suke kasuwa. Wata 7 cur suka tafi a nan, kuma ba daga garanti ɗaya ba. Da na farko ya matso, sai ya jawo na biyun tare da shi.

Ranar tana cikin takardun da aka ba ni, a wani layi ƙarami a shafi na uku. Laifina ne ban karanta ba, na yarda. Amma wanda ya iya nanata "garanti biyu" sau biyar, me zai rage shi in ya faɗi ranar ƙarewarsu sau ɗaya?

Ban gane ba sai da motar ta durƙusa. Wata safiya a Janairun 2025, ana tsananin sanyi, na tarar bayanta na hagu ya zauna har taya na neman taɓa jiki. Da na tayar da ita ta miƙe, amma injin hura iskar ya daɗe yana gurnani fiye da yadda ya saba. Kwana uku tana haka, a na huɗu fitilar gargaɗi ta kama, ta ƙi tashi gaba ɗaya. Duk wanda ya san irin waɗannan ƙafafu ya san labarin. Jakar iskar roba ce, tana tsagewa a wurin da take naɗewa, sanyi kuma yana ƙara buɗe tsagar. Iska na zurarewa cikin dare, da safe kwamfiresa, wato injin hura iskar nan, ta yi ta aikin cikawa. Ita kuwa ba don dogon aiki aka ƙera ta ba, sai ta yi zafi, zoben cikinta ya cinye, abin da ke tsotse danshi ya jiƙe, ruwa ya fara bin bututu zuwa akwatin bawul. Jaka ɗaya mai yoyo, in aka bar ta mako biyu, tana iya tafiya da abu uku. Gwajin ma ba shi da wuya: a fesa ruwan sabulu a jikin jakar da bakin bututun, in kumfa ya tashi an kama ɓarawo. Ko a auna tsawo daga ƙasa zuwa bakin jikin mota a kowace ƙafa da dare, a sake aunawa da safe.

Na kai ta da gadara, ina ganin har yanzu ina ƙarƙashin garantin masana'anta. Jami'in karɓar gyara ya buga lambar shasi, ya juyo da fuskar kwamfutar ya nuna mini: ya ƙare tun Nuwamba, motar na da mil 45,000 a lokacin. Ko mil 50,000 ban kai ba, kwanaki ne suka ci ni.

A nan ne bambancin garantin biyu ya fito fili. Na masana'anta kusan komai yake ɗauka in dai aibin ƙira ne, har da ƙarar da ke damun kunne, robar ƙofa da ta saki, ɗinkin kujera da ya warware. Na CPO kuwa yana da jerin abubuwan da ya ce ba ruwansa, kuma jerin ya fi shafi ɗaya. A littafina an cire taya, batir, waifa, kayan birki masu cinyewa, gilashi, fenti, kayan adon ciki, daidaita ƙafafu, ƙara da kaɗawa, sannan shokazoba, wai kayan da amfani ke cinyewa ne. Sakamakon binciken ya fito kashi biyu. Jakar iska, kwamfiresa da rilenta (makunnin da ke ba ta wuta), garanti ya ɗauka. Shokazobar wannan ƙafar, wadda aka tarar ta zubar da mai, daga aljihuna. Kuma ba irin ta talakawa ba ce, mai lantarki ce da kwamfuta ke sarrafawa, ga shi ba a canza ɗaya a bar ɗaya, sai dai biyun baya tare, in ba haka ba motar ta riƙa rawa a kwana. Da na ji kuɗin sai da na nemi wurin zama. Da wannan lalacewar ta zo wata biyu kafin nan, ko sisi ba zan biya ba.

Abin da ya cece ni wata takarda ce da na kusa jefarwa. A watan Oktoba, saura 'yan makonni garantin farko ya mutu ban sani ba, na kai motar juye. A takardar duba lafiyar mota da suke haɗawa da rasit, makanikin ya rubuta cewa shokazobar baya ta hagu tana tsattsafo da mai, a sa ido. Ba wanda ya gaya mini da baki. Na koma da takardar na ajiye a gaban manajan garejin. Hujjar a bayyane take: aibin ya bayyana garantin masana'anta na raye, ma'aikacinku ya gani, ya rubuta, ya sa kwanan wata da adadin mil. Ya ɗauki hoton takardar ya tura wa wakilin kamfani na yankin. Bayan kwana 6 aka kira ni, kamfani ya ɗauki shokazoba biyun da kuɗin aiki, ni na biya daidaita ƙafafu kawai.

Gaskiya a nan sun burge ni. Kayan asali aka sa, motar ta dawo tana tafiya kamar a kan katifa, kuma ba a ce in kawo wani kaso daga aljihuna a kan ɓangaren da CPO ya ɗauka ba. Kwamfiresa da jakar iska kaɗai sun kusa mayar da abin da na ɗora saboda hatimin. Ranar da na karɓo ta, da an ba ni takarda da na cika musu tauraro 5.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A rasit ɗin an rubuta gyaran shokazobar a matsayin alfarma ce daga kamfani, ba haƙƙina ba. Alfarma kuwa sau ɗaya ake yi, kuma wani da ya zo da matsala irin tawa ba tare da takarda ba, hannu rabbana zai koma. Sannan ga rufin gilashin da ke ƙara a kan gargada tun ranar da na sayi motar. Na yi ta ɗaga maganar ina cewa ai ina da lokaci har Yuni. Da na kawo ta a Janairu aka ce CPO ba ya sauraron ƙara, kuma wannan ban taɓa sa an rubuta shi a takarda ba. Na faɗa wa jami'in da baki a Oktoba, ya ce za su duba, bai shigar ba. Abin da ba a rubuta a takardar gyara ba, a wurin kamfani bai faru ba. Har yau rufin yana kaɗa mini kalangu. Motar aro ma sai da na yi kwana huɗu ina jira, alhali an yi ta kuranta ta ranar ciniki.

Ga wanda ke shirin saye, kafin a zauna maganar kuɗi a je sashen gyara, ba wurin masu sayarwa ba. A ba su lambar shasi mai harafi da lamba 17, a ce su buga takardar da ke nuna ranar da motar ta fara aiki da ranar ƙarewar kowane garanti. Minti biyar ne aikin. A nemi littafin garantin CPO na shekarar da ake ciki, domin kamfanoni suna sauya sharuɗɗa, a fara karantawa daga shafin abubuwan da aka cire. A tambaya ko hatimin na kamfanin da ya ƙera motar ne ko na dilan kansa. Na dila sau da yawa kwangilar gyara ce ta wani kamfani daban, kuma ba kowane gareji ke karɓarta ba. Wanda ke cin hanya sosai ya sa ido a kan mil, don a littafina duk ranar da mota ta taka 50,000, ranar shekarar CPO ke fara ƙirguwa, ko da shekara 4 ba ta cika ba.

Abu mafi amfani shi ne saura wata biyu ko mil 2,000 garantin masana'anta ya ƙare, a kai mota a zazzage duk wani ƙorafi, komai ƙanƙantarsa: fitila mai tara raɓa, madubin da ke jinkirin naɗewa, allon da ke ɗaukewa, batir mai rauni. A tabbata kowanne ya hau takarda da kalmomin da aka faɗa, ko da sun rubuta cewa ba su ga matsalar ba. A kuma karanta takardar duba lafiyar nan layi-layi kafin a bar harabar.

Akwai garantin da suke tafiya tare da gaske, kuma masu sayarwa ba su cika ambatonsu ba. Dokar tarayyar Amurka ta tilasta shekara 8 ko mil 80,000 a kan matatar hayaƙi ta salansa, wadda makanikan gida ke kira indomi, da kwamfutar injin. Wannan yana bin mota ne ko hannu nawa ta sauya. A Lexus, injin da giya suna da shekara 6 ko mil 70,000 tun daga masana'anta, don haka wani ɓangare na shekara biyun da CPO ke bayarwa yana kwance a kan abin da dama akwai. Ribar can tana ga lantarki, na'urar sanyaya mota da rashin iyakar mil. Gyaran da hukuma ta sa aka yi kiranye a kansa kuwa kyauta ne, bai shafi wannan lissafin ba. Haka kuma wata doka ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an yi juye a garejin waje, sai ya nuna cewa aikin ne ya jawo lalacewar. Amma a adana rasit mai kwanan wata, adadin mil da irin baƙin man da aka zuba.

Masu sayen irin waɗannan motoci don aikawa gida kada su biya kuɗin hatimin. Garantin na kasuwar Amurka ne, da zarar mota ta sauka a Legas ko Kwatano da wuya a sami dilan da zai duba shi. Waɗanda aka kwaso daga gwanjon inshora bayan haɗari kuwa, tun a takardarsu garantin ya faɗi.

A lokacin da nake wannan rubutu, tawa saura 'yan watanni CPO ɗinta ya ƙare a Nuwambar 2025. Jakar iskar dama ita ma shekarunta ɗaya da wadda ta fashe, sun ƙi canza ta tunda ba ta fara yoyo ba. Kowace Asabar ina fita da ruwan sabulu da abin awo, kuma na riga na kama ranar kai ta gareji a farkon Oktoba.