Hattara da mai "odar haɗaka": wata shida ina jiran 'yar tsanar da babu ita

'Yan'uwa masu tara 'yan tsana masu gaɓoɓi, ku ba ni aron hankalinku. Na jima ina kokawa da zuciyata a kan in faɗa ko in bar wa cikina, don ba ƙaramin abin kunya ba ne mace ta shekara takwas a harkar nan sannan ta fito ta ce an yi mata sakiyar da ba ruwa. Amma jiya na ga hoton da aka cuce ni da shi ya sake ɓullowa a Instagram, a sabon shafi da sabon suna, har mutum biyu sun rubuta a ƙasansa cewa a ajiye musu. Nan na ga shiru ya zama haɗa baki da matar da ta karɓi kuɗina da sunan haɗa oda ta gudu.

Duk wanda ya taɓa sayen 'yar tsanar rezin, irin mai gaɓoɓi masu lanƙwasuwa da ake kira BJD, ya san jira shi ne rabin harkar. Tun da kamfanin Volks na Kyoto ya fito da Super Dollfie a 1999, kamfanonin Koriya ta Kudu da na China suka biyo baya, yawancinsu ba sa zuba 'yar tsana sai an yi oda. A zuba rezin a mazubi, a goge, a zura igiyar roba ta cikin gaɓoɓin, a yi kwalliyar fuska da hannu. Wata uku, wata shida, wani lokacin fiye. Mun saba, har alfahari muke yi da haƙurinmu. To da wannan haƙurin namu matar nan take cin abinci.

Ta ce tana haɗa mutum goma su yi oda tare, a raba kuɗin jigila, kamfani kuma ya yi ragi. Wannan ba baƙon abu ba ne, ana yi kuma ana gamawa lafiya. 'Yar tsanar da nake so mai girman 1/4 ce, wajen santimita 45, mai gaɓa biyu a gwiwa da gwiwar hannu, irin wadda za ta durƙusa ta zauna a kan dugaduganta ba tare da an tokare ta da komai ba. Ta ce in biya kashi uku. A kashin farko na yi taka-tsantsan, na biya ta PayPal, dandalin biyan kuɗi na intanet, a matsayin sayen kaya, wato hanyar da ake iya kai ƙara in kaya bai iso ba. Ba ta yi gardama ba ko kaɗan, har yaba min ta yi, wai da kowa zai riƙa lura haka da an huta.

Sai ta shiga jikina. Kullum da hira, ta tambayi irin gashin da zan sa mata, ta turo min hotunan idon gilashi wai in zaɓa kyauta. Da lokacin biya na biyu ya zo, ta ce kuɗin da ake cirewa a hanyar sayen kaya yana cin ribar ragin da muka samu, in tura ta hanyar dangi da abokai tunda yanzu mun zama ɗaya. Na tura. Na ukun ma haka. Wannan hanya ba ta da kariyar mai saye ko ta ƙwayar zarra, na kuma sani sarai, amma wa zai tsaya zargin wadda ta san sunan kowace 'yar tsana da ke kan kantarsa?

Ga inda dabarar take. PayPal yana ba da kwana 180 daga ranar biya a kai ƙarar kayan da bai zo ba, wato kusan wata shida. Ita kuma ta ce oda za ta ɗauki wata huɗu zuwa biyar. Da wata biyar ya cika, ta ce launin rezin ya fito ba daidai ba, kamfani zai sake zubi. Bayan mako uku ta ce masana'anta ta rufe don hutun sabuwar shekarar China. Abin da ya sa na yarda shi ne duk waɗannan abubuwa suna faruwa da gaske, ba ta ƙirƙiro uzurin da ban taɓa ji ba. Ni kuma ina ƙirga watanni, ita tana ƙirga kwanaki. Kwana huɗu bayan wa'adin biyan farko ya wuce, na nemi shafinta na rasa. Biyan da ke da kariya ya tsufa, biyu na baya kuwa dama ba su da ita.

Da muka nemo juna, mu bakwai muka samu daga cikin goman, kuma ba iri ɗaya ta yi mana ba. Ni da wasu huɗu ba mu ga ko kwali ba. Wata, wadda ta matsa mata kafin wa'adi, ta samu lambar bibiyar kaya ta gaske, ƙunshi ya iso, ta buɗe ta tarar da takalman 'yar tsana ƙafa ɗaya, don dai takarda ta nuna an kai kaya. Ta bakwai ita ce ta fi ba ni tausayi, domin ta samu 'yar tsana har ta yi ta murna, ashe zubin sata ce.

Zubin sata, ga wanda bai sani ba, shi ne a sayi ta asali guda ɗaya, a kwashi mazubi a jikinta, a yi ta zuba jabu ba tare da izinin wanda ya sassaƙa ta ba. Tana da alamomi. Takan fito ƙasa da ta asali kaɗan a girma, saboda kayan zubin kan tsuke, shi ya sa da ƙawar tamu ta gwada kan a jikin asali da take da shi, wuyan bai zauna ba. Layukan leɓe da na fatar ido da farata sun dushe kamar sabulun da aka yi wanka da shi sau biyu. Gaɓoɓin ba sa riƙe tsayuwa, ka ɗaga hannu ya faɗo. Takardar shaidar da ta zo da ita kuwa hoton takarda ce aka buga, don yanzu har ita ake kwaikwaya, har da farantin suna na cikin kai. Kuma kada masu tara na roba su ce su sun tsira. Ana sayar da jabun 'yar tsanar Blythe da sunan wai rarar masana'anta ce, ana kuma ɗora kan 'yar tsanar Fashion Royalty na gaske a jikin kwaikwayo mai arha a rufe da riga mai dogon hannu. Araha dai ba ta ado.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gwajin da zai tona ta yana hannuna tun ranar farko. Ta ce tana da samfurin 'yar tsanar a gida, shi ne hoton da ta sa. To ai amfanin gaɓoɓi ke nan! Da na ce ta ɗora hannun hagun 'yar tsanar a ka, ta naɗe gwiwar dama, ta ajiye takarda mai sunana da kwanan wata a gefe, da zance ya ƙare. Mai 'yar tsana a hannu minti biyu ya ishe shi, ɓarawon hoto kuwa sai dai ya kawo uzuri. Yanzu da ake iya shirya rubutun takarda da kwamfuta, ku nemi gajeren bidiyo ana lanƙwasa gaɓar kuna gani. Da na sa hoton nata a Google Lens daga baya, cikin daƙiƙa kaɗan ya kai ni shafin wata mai tarawa da ta ɗora shi shekaru da suka wuce, ba ta ma san ana kasuwanci da shi ba.

In kuma oda ce ta jira, ku shiga shafin kamfanin da kanku ku duba ko sunan mai sayarwa yana cikin dillalan da suka amince da su, ku kuma nemi shaidar oda mai lamba. Ranar da kuka biya, ku ƙirga kwana 150 ku sa alama a kalanda. In ranar ta zo babu kaya, ku kai ƙara ko da kuna jin nauyinta, ko da ta rantse gobe zai taso.

Ba zan kama suna ba, domin ta canza sau uku da saninmu, wanda zan faɗa ma wataƙila na wata baiwar Allah ne ta ara. Ku dai riƙe hoton: 'yar tsana mai gashi ruwan toka, zaune a bakin taga, hannunta ɗaya a kan haɓa, da farin labule a bayanta. Mu bakwai mun kai rahoton sabon shafin, biyu daga cikinmu da suka biya da katin banki kuma suna bin kuɗinsu ta bankunansu. Waɗancan mutum biyu da suka ce a ajiye musu na tura musu saƙo tun daren jiya. Ɗaya ta amsa ta gode, ɗayar har yanzu ba ta buɗe ba.